Tsohuwar motar da ka shaƙu da ita a Legas: ka sayar ne ko ka riƙe?

Duk wanda ya ɗan jima a Legas ya san irin motocin nan. Ka shiga lungunan Agege ko Idi-Araba ko wajen Mile 12 zaka ga mota an lulluɓeta da tamfol, tayoyi sun sace, an tokareta da dutse, leda da ganye sun taru a ƙarƙashinta, in ka tambaya ace ai ta Alhaji wane ce tun zuwansa Ikko, ko ta marigayi babansu ce ba'a so a sayar. Shekara ɗaya biyu uku tana nan a wajen, ranar da za'a yaye tamfol ɗin kuma sai a tarar ba abinda ya rage sai dai a kira 'yan gwangwan su taya. To wannan nake so mu kaucewa. Riƙe mota ana kula da ita shawara ce mai kyau, sayar da ita tun tana da daraja ma shawara ce mai kyau, amma ajiyewa ana "bari dai mu gani" shine wanda ake tashi ba motar ba kuɗin.

Kuma dan Allah kada wani ya raina maka hankali da cewa ai ƙarfe ne kawai. Motar da aka ɗauko amaryarka a ciki, wadda ka kai maiɗakinka asibiti cikin dare ranar haihuwar ɗan fari, wadda ka shiga da ita garinku sallar farko bayan Allah ya buɗa maka, ko wadda har yau in ka buɗe ƙofa kana jin ƙamshin turaren mahaifinka, dole rabuwa da ita tayi nauyi. Nauyin nan gaskiya ne, shima za'a saka shi a lissafi. Abinda dai bai kamata ba shine ya zama shi kaɗai ne lissafin.

Kafin komai ka fara tabbatarwa motar taka ce kai kaɗai. Naga ana yawan tsallake wannan kuma shine yafi haɗari. In ta mamaci ce to ta shiga gado, matarsa da 'ya'yansa maza da mata da iyayensa in suna raye duk suna da haƙƙi a cikinta, wai dan kai kake zaune a Legas kuma makulli yana hannunka bai mayar da ita taka ba. Kai kana cewa bazaka iya sayar da motar Baba ba, alhali ƙanwarka tana can Katsina ko Zariya tana neman jari ko kuɗin makarantar yara tana jin nauyin yi maka magana, wlh wannan ba girmama Baba bane. Hanya mai sauƙi ce, a samu mutum biyu ko uku da suka san kasuwar mota su yi mata kuɗi tsakani da Allah, a sanar da duk magada, in kai kake sonta ka biya kowa rabonsa ko a lissafa ta cikin naka kason, a rubuta, a samu shaidu, in da marayu ƙanana a ciki kuwa sai an ƙara taka tsantsan, a tuntuɓi malami. Duk watan da ta ƙara tana ruɓewa dukiyar wasu ce take raguwa a hannunka.

In wannan ya warware, sai ka ɗauko biro da takarda. Ba a ka ba, a takarda, domin zuciya tana iya rufa wa abinda take so asiri. Ka rubuta duk abinda motar ta ci a shekarar da ta wuce, ka duba tiransifa ɗin da ka yiwa bakanike da mai waya da mai faci da mai fenti, ka haɗa da juye, batir, tayoyi, kuɗin janwe ranar da ta mutu maka akan gada, da ɗan abinda kake bawa maigadi ko masu unguwa saboda wajen ajiyewa. Ka saka takardu, inshora mafi araha (third party) ma tun Janairun 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, ga lasin mota, ga takardar lafiyar mota wadda a Legas sai an kai motar cibiyar LACVIS an duba birki da fitilu da hayaƙi, kuma tsohuwar mota sau da yawa sai ka yi gyara ka koma. Yanzu kuma ba sai VIO sun tsayar da kai ba, kyamara ce zata ɗauki lambarka in takardu sun mutu tara ta sameka a waya.

Sai mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi lita bata kai naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Motar da a da kake cewa tana ɗan shan mai kana dariya, yanzu in mai silinda shida ce kuma kullum kana cikin gosulo daga Agege zuwa Apapa ko Island, ita kaɗai zata iya cinye abinda ya kamata ya shiga tukunyar gida. Ka rubuta nawa kake zubawa a sati ba ƙari ba ragi.

Akwai kuma abinda ba'a rubuta shi da naira amma ka rubuta shi, sau nawa ta kunyata ka a hanya. Mota ta tsaya maka a Kano ko Kaduna ka tura gefe ka kira yaro, a Legas kuwa ta mutu a tsakiyar Third Mainland, gadar da ta kusa kilomita 12, ko a Oshodi da magariba da iyali a ciki, ga jami'an hanya na LASTMA ga janwe ga yaran da zasu zagaye ka, wannan wani abu ne daban. In har ka kai matsayin da in za'a yi tafiya mai muhimmanci sai ka barta a gida ka kira Bolt saboda baka yarda da ita ba, to ka san amsar ta fara fitowa.

Daga nan sai a duba lafiyarta da gaske, kuma shawarata kada ka kai wajen bakanikenka na kullum. Ba wai ina zarginsa bane, amma shi ko dai yana samun na cefane a jikin motar nan, ko kuma ya daɗe da saka mata ido yana jiran ranar da zaka gaji ya taya da araha, ko kuma kunyarka yake ji bazai iya ce maka Alhaji ta ƙare ba. Ka nemi wani gareji da basu sanka ba, ka biya kuɗin dubawa, ka gaya musu ba gyara kazo ba gaskiya kazo ji. A hau da ita kan rami ko a ɗagata sama kai ma ka sunkuya ka gani da idonka.

Abinda zaka fi zuba wa ido shine tsatsa. Injin ana sauke shi a saka wani, giya ma haka, shok da birki da lagireto duk kasuwar kayan mota ta Ladipo ta tanada, amma in tsatsa ta ci shasi da ƙasan mota da wajen da shok yake zama to maganar ta canza, duk walda da za'a yi rufa-rufa ce, kuma ranar da Allah ya kiyaye akayi karo jikin bazai kare kowa ba. Legas ba irin garuruwanmu bace, iskar teku da gishiri da damina mai tsawo da ruwan da yake kwanciya a titi suna cin ƙarfe ta ƙasa alhali fenti yana ƙyalli ta sama. Ka ɗaga kafet ka taɓa, ka duba inda safaya take kwanciya a but ko ruwa na taruwa. In ta taɓa nutsewa a ambaliya har ruwa ya kai kujeru to wayoyinta zasu dinga baka wahala yau wannan gobe wancan, kuma irin wannan ciwon baya jin magani da wuri. Bayan tsatsa sai a gwada ƙarfin injin, a ga ko tana shan baƙin mai tana hayaƙi shuɗi, ko tana zafi in an tsaya a gosulo, ko giya tana fizga ko jinkiri. In mai kwamfuta ce a jona mata na'ura a karanta.

Ka kuma tambayi kanka kayanta suna samuwa? Mai Corolla ko Camry ko Honda irinsu EOD baida matsala sosai, ko'ina akwai kaya akwai masu gyara. Amma mai Peugeot 504 ko 505 irin wanda aka haɗa a Kaduna, ko tsohuwar Marsandi, yasan yanzu wani ƙaramin abu sai an yi cigiya har Panteka ko Ƙofar Ruwa, kuma tsofaffin da suka san kan motocin nan suna ta raguwa. Riƙe irin waɗannan sai mai hali da haƙuri da wata motar ta hawa.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke faɗawa rami ta ɗaya gefen. Dillali zai zo yace Alhaji motar nan da ka saya kaza yanzu wlh ana bada ninki biyu ko uku, sai kaji zuciya ta motsa kaga ai riba ce. Ka tsaya tukuna. Dala ce ta tashi, daga wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ga kuɗin kwastan ya bi ta, shi yasa tokunbo ta yi tsada ta ja na hannu suka bita. Kafin ka sallama ka tafi kasuwar motoci ta Berger da ƙafarka ko ka buɗe shafin saye da sayarwa na Jiji ka tambayi kuɗin motar da kake so ka maye gurbinta da ita, ka cire abinda aka taya taka, ka kalli cikon. Da yawa sun sayar da lafiyayyar mota da suka san ciki da bayanta, kuɗin ya shiga hidimar gida kaɗan kaɗan, ƙarshe suka sayi wata ta hannu da basu san tarihinta ba, ta zo da ciwon da yafi na wadda suka rabu da ita. Don haka ni a ganina in jikinta lafiya ne, ba tsatsa, kaya na samuwa, kuma kana buƙatar mota kullum, ko da sai ka sauke injin ka saka wani, sau da yawa riƙewar tafi sauƙi akan canji. A nan shaƙuwa da lissafi bakinsu ɗaya, ka riƙe abarka hankali kwance.

Amma in gyaran shekara ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abinda za'a sayeta, kuma bana ma alamar haka za'a sake, ko tsatsa ta shiga shasi, ko wata guda yana wucewa baka tada ta ba, ni dai shawarata a sayar. Musamman wanda yake kusa da layin jirgi, tunda Red Line yana bi ta Agege zuwa Oyingbo tun 2024, Blue Line kuma daga Mile 2 zuwa Marina tun 2023, ga BRT, wani in ya zauna ya lissafa zai ga motar ma ta zuwa ɗaurin aure da Juma'a ce kawai.

Sai ka zauna kai kaɗai ka tambayi zuciyarka me takamaimai kake jin tsoron rasawa. Wani tuƙa motar yake so, jin sitiyarin a hannunsa. Wani mutumin da motar take tuna masa ne. Wani kuma, mu faɗi gaskiya, maganar mutane yake gudu, kada ace wane ya karye har ya sayar da mota. Na farkon sai riƙewa. Na biyun yana da hanyoyi, ka ɗauki hotuna da bidiyo masu kyau kai da yara a ciki, ka cire carbin da yake rataye ko maƙalin makulli ka adana, kuma in ta mamaci ce magada suka yarda a saka wani abu daga kuɗin a rijiya ko masallaci ko Islamiyya da sunansa, wannan zai isa gareshi inda yake, abinda mota a ƙarƙashin tamfol bazata yi masa ba. Na ukun kuwa masu maganar ba su zasu biya bakanike ba. Ka yi shawara da maiɗakinka ko maigidanki tunda tare ake shan wahalar motar da daɗinta, ka yi istihara, ka saka wa kanka rana, misali kafin damina ta sauka ko kafin takardu su ƙare, kada ta wuce baka yanke ba.

Akwai hanya ta tsakiya da mu 'yan Arewa muke da ita, a tura ta gida. Can iska a bushe take, akwai fili a tsakar gida ko zaure, gyara yafi sauƙi, in kaje sallah ka hau abarka. Amma da sharaɗi, sai in akwai mutum ɗaya tsayayye da zai riƙe makulli, a faɗa masa ƙarara kyauta ce ko aro ko amana, kuma waye zai dinga gyara. Motar da aka ce ta kowa da kowa ce a gidan yawa bata shekara. In kuma baka yarda da lafiyarta ba kada ka ce sai ka tuƙa ta wajen kilomita dubu, ka nemi tirela mai komawa Arewa a ɗora, takardun kwastan da na mallaka su bi direba saboda shingayen hanya.

In riƙewa ka zaɓa to ka riƙe da gaske. Duk sati a tada ta a zaga da ita har injin yayi zafi sosai, ba a kunna minti biyar a tsaye a kashe ba. Tamfol ɗin roba a damina yana tara gumi ya ƙara tsatsa, gara rumfa ko mayafin da iska ke ratsawa. A wanke ƙasanta bayan ta shiga ruwa, a kula da ɓeraye domin suna cin waya, kada a bar tsohon mai ya kwana watanni a tanki, takardu kuma kada su mutu. Ka ware mata wani abu duk wata ko bata lalace ba. Masu tunanin mayar da ita mai amfani da iskar gas (CNG) su fara duba ko injin zai ɗauka, da inda zasu dinga samun gas ɗin kusa dasu, su kuma sani tukunyar zata cinye but, kuma a wajen ƙwararru ake yi ba a bakin titi ba.

In kuma sayarwa ce, kada ka zuba kuɗi masu yawa a fenti da gyaran ƙawa, da wuya su dawo. Wanki mai kyau ciki da waje, ƙananan abubuwa irin fitila da madubi, shikenan. Ka haɗa takardu tun kafin mai saye yazo, na kwastan, na mallaka, lasin, inshora, in wani ya ɓata ka yi rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda tun da wuri, domin motar da takardunta basu cika ba rabin kuɗi ake taya ta. Ka ji farashi daga bakin mutum uku aƙalla. In da dillali za'a yi a yanke la'adarsa tun farko, kuma ka nemi ka haɗu da mai sayen ido da ido ka ji nawa ya biya. In tayin bai yi maka ba ka ce albarka, ba dole.

Ka faɗi aibinta. Tana zafi ka faɗa, an taɓa sauke injin ka faɗa, ta sha ruwa ka faɗa. Manzon Allah (SAW) yace wanda ya ha'ince mu baya cikinmu, kuma motar da ka ci arziƙinta shekara da shekaru bai dace ace da algus aka rabu da ita ba. Wanda ya saya da saninsa bazai dawo yana maka sallama da rigima ba.

Wajen ciniki a Legas sai an buɗe ido. Kada ka kira baƙo gida, ku haɗu da rana a wajen da jama'a suke, ka tafi da ɗan'uwa. In za'a gwada ka zauna a ciki, kada ka miƙa makulli ace bari a zagayo. In yazo da bakanikensa ka tsaya a kansu har su gama, ana canza ƙananan kaya cikin minti kaɗan. Maganar kuɗi kuwa kada ka yarda da alat na saƙon waya ko hoton rasit, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, ko ku shiga banki tare, sannan makulli da takardu su bar hannunka. In ɗan'uwa ne ko abokin kasuwa zai saya biya kaɗan kaɗan, a rubuta nawa ne da yaushe da shaidu kamar yadda ayar bashi a Baƙara ta ce, bashin mota ya raba zumunci da yawa.

A rubuta takardar ciniki, sunanka da nasa, lambar mota, lambar shasi da ta injin, kuɗin da aka biya, kwanan wata har da lokaci, shaidu biyu su saka hannu, ka karɓi kwafin katin shaidarsa da hotonsa, kowa ya riƙe kwafi. Sannan ka matsa lallai a yi canjin mallaka a ofishin lasin, in da hali ku je tare a ranar, ko a rubuta cikin takardar cewa zai yi cikin sati kaza. Muddin sunanka da lambar wayarka ne akan rajistar, tarar kyamara kai zata dinga samu, in kuma aka aikata wani laifi da motar ƙofarka za'a fara ƙwanƙwasawa. Bayan sati biyu ko uku ka kira shi ya turo maka hoton sabbin takardun da sunansa, ka haɗa da kwafin takardar cinikin ka adana.

Kuɗin kuma tun kafin su shigo ka san inda zasu, cikon wata motar ne, jari ne, fili ne a gida, ko rabon magada, kuma ka tura su can a satin, domin in suka kwana biyu a akawun ɗin da kake cefane dashi, a garin nan, wata uku yayi yawa.